Karsana Uku a Akwatin Sanam

Gwaggota ce ta fara sa ni aikin, ba shef, shugabanmu na wurin aiki, ba. Ta same ni a tsakar gidanmu a Filinge ina wanke kwanoni, ko zama ba ta yi ba ta ce:

"Ke da anka kai Yamai kinka yi karatun injunan ga, ba ki da wata dubara da za ta hana tsohon ga bin hanyas Sanam?"

Tsohon da take nufi mijinta ne, kuma abokin aikina. Baba nake ce masa, a gida da biro, wato ofishinmu. Mu biyu muke kula da rezo, layin sadarwar da ya haɗa ɗakunan shan magani na karkara da biro ɗinmu na Filinge: Damana, Bonkuku, Sanam da wasu ƙananan wurare. Ta wannan rezo ne majo, wato babban ma'aikacin jinya na kowane wuri, yake aiko da rahoton cututtuka, ya nemi magani, ya buga waya a turo motar ɗaukar marasa lafiya. A kowane wuri akwai anten, wato eriya, a kan dogon ƙarfe, waya ta sauko daga can ta shiga wani akwatin ƙarfe mai kafofi ashirin da huɗu da muke ce wa siwic. Shi ke rarraba rezo, wannan kafa ta ordinatar majo, wato kwamfutarsa, waccan ta tarho, wata ta ɗakin haihuwa.

Da, wani kamfani ne daga Yamai yake turo ma'aikata su saita akwatunan, Baba kuwa direbansu ne. Da kallo ya koyi aikin. Shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki, masu tallafa wa aikin suka tattara nasu ya nasu suka tafi, kamfanin ya bi bayansu, aka bar mu da akwatuna. Duk wanda ya buƙaci gyara, Baba ne zai ɗauki wata shuɗiyar waya siririya ya je har wurin, ya zauna gabansa, ya jona, ya buga umarni ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu. Damana da Bonkuku da sauƙi. Hanyar Sanam ce ta lalace. An hana hawa moto, wato babur, sai a jira motocin kasuwa a tafi a ayari, kuma duk da haka mutanen daji masu bindiga kan tare mota su sauke maza, ba duk wanda aka sauke yake dawowa ba. Rezon salula na can ma ya daɗe da mutuwa.

Na ce wa Gwaggo akwai dabara. Gaskiya a lokacin ban san ko akwai ba, sai dai ban iya kallon idonta na ce babu.

Na shafe makonni ina tonon akwatin da ke biro, abin kuwa ya kama ni fiye da yadda na zata. Ashe ƙofa biyu gare shi. Ɗaya shafi ne irin na intanet da ke cikin cikinsa, a buɗe a ordinata, a danna nan a danna can. Na gwada ta a kan akwatin Damana, ta yi aiki, sai dai kowace dannawa sai na jira ta je ta dawo ta anten, har shayina ya huce ban gama kafa huɗu ba. Ɗaya ƙofar ta rubutu ce, irin wadda Baba ke bi da shuɗiyar wayarsa, amma ana iya shiganta daga nesa muddin anten yana jone. A nan na tsaya. In umarnin da ake bugawa iri ɗaya ne a ko'ina, me zai hana in rubuta su sau ɗaya, ordinata ta riƙa shiga akwatunan bi da bi tana bugawa da kanta? Wannan jerin umarnin shi ake kira sikirit.

Ranar da na farko ya yi aiki, abin da ya yi bai taka kara ya karya ba. Agogon akwatin Damana kawai ya gyara. Amma ina zaune a kujerata a Filinge, hannuna bai taɓa komai a Damana ba. Na yi wata ƙara, har mai gadi ya shigo da gudu da takalmi a hannu yana tambayar ina kunamar take.

Daga nan sai na ƙi tsayawa. Na haɗa wani shafi nawa na kaina, kowane gari da ɗigonsa. Sikirit yana yi wa kowane akwati sallama minti-minti, wanda ya amsa ɗigonsa tsanwa, wanda ya yi shiru ja. Na ƙara masa ƙirga abin da ke wucewa ta kowace kafa, sai ga garuruwan suna bayyana a allona yadda ban taɓa saninsu ba. Ba sai an faɗa min yau kasuwar Bonkuku take ci ba, ordinatar majon ba ta hutawa daga hantsi zuwa la'asar. Damana takan yi tsit da azahar, ta farka bayan salla. Akwai wani ƙaramin wuri da kullum akwatinsa ke mutuwa na minti ashirin da safe, na yi ta bincike, ashe butar shayi ake jonawa a batir. Nakan manta da cin abinci ina kallon waɗannan abubuwa.

A cikin wannan tonon ne na ci karo da rubutun Baba. Kowace kafa tana da gurbin da ake rubuta mata bayani, a makaranta an koya mana a sa lambar ɗaki ko sunan inji. Shi Baba ɗan makiyaya ne, a bayan shanu ya tashi kafin ya san sitiyari, kuma da alama bai taɓa barin garken ba. Kafar da ke aiki ya rubuta mata "mai nono". Wasu an rubuta musu "fata", na lura duk matattu ne, ba sa ko kunna fitila. Sannan a kowane akwati akwai kafofi uku a buɗe, babu waya a jikinsu, babu abin da ya taɓa wucewa ta cikinsu tun da na fara ƙirga. Su ya sa wa karsana ja, karsana fara, karsana baƙa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na san karsana budurwar saniya ce da ba ta haihu ba, na ɗauka tsoho ne kawai yake raha da kafofin da ba su da aikin yi.

Na yi niyyar tambayarsa. Abin da ya hana ni, rabi kunya ce, don ban saba titsiye shi da tambaya kamar ɗan lakwal a aji ba. Ɗaya rabin kuwa girman kai ne, ba zan ɓoye ba. Ni ce mai takarda. Ina ganin in na tambayi tsohon direba ma'anar abin da ke cikin siwic, takardar ta rage daraja.

Ana nan sai takarda ta zo daga sama, shef ya karanta mana a tsaye. An ce saboda halin tsaro, duk kafar da ba a aiki da ita a rufe ta, kada wani ya shigo da injinsa ya jona. Ya tambayi Baba mako nawa zai ɗauka kafin ya zagaye wuraren. Kafin Baba ya buɗe baki na ce ba sai kowa ya je ko'ina ba. A makon ne ruwan shuka ya sauka, rabin biro ya watse gona, Baba ya ɗauki kwana uku ya tafi tasa. Ni kuwa na rubuta layi goma sha wani abu: a shiga kowane akwati, duk kafar da ba ta ga waya ba wata guda, a rufe. Na danna. Ban kai ga gyara ɗaurin ɗankwalina ba aka gama. Ɗigo duka tsanwa. Na je gidan Gwaggo da yamma na ce mata ta kwantar da hankalinta, mijinta ya gama da hanyar Sanam. Ta ba ni fura da nono a ƙwaryarta ta baƙi.

Da Baba ya dawo na nuna masa shafin. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya sa na danna Bonkuku, ya sa na koma Damana, yana ta girgiza kai yana "ikon Allah". Na gaya masa an bi umarnin sama. Bai tambayi waɗanne kafofi na rufe ba, ni ma ban lissafa masa ba.

Bayan kamar mako uku, wata ranar da hantsi hadari ya haɗu ta arewa, baƙi ƙirin, muna jin rugugin tsawa daga nesa. Kafin azahar ɗigon Sanam ya koma ja. Ban damu ba, na ce gajimare ne ya hana batirin hasken rana cika. Washegari rana ta fito tarwai, ɗigon yana nan ja. Rana ta uku na kasa zama, ina ta kai da kawo tsakanin allo da taga. Baba yana gefe yana gyaran wata tsohuwar waya, ko a jikinsa.

"Ki kwantar da hankalinki, ɗiyata," ya ce. "Aradu ta. Ta bi wayar anten ta ƙone kahwar. Majo ya san aikinai, shi ɗebe wayar shi sa ga karsana, shi ke nan. Halan aiki na yay yi mai yawa."

Na ce, "Baba, mi ak karsana?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, da mamakin wai ban sani ba. Ya ce duk damina aradu takan ci kafa ɗaya ko biyu a akwatunan nan, kusan kullum wadda anten ke ciki. Wadda ta ƙone ita ce fata, ba abin da ya rage mata sai sunan. Kafar anten kuma ba kamar sauran ba ce, sai an saita ta musamman, ba a kowace za a cusa wayar ta kama ba. Shi ya sa a kowane akwati yakan saita guda uku ya ajiye, ya ɗiga musu fenti a sama, ja da fari da baƙi, ya nuna wa majo. In aradu ta ci mai nono, a matsa zuwa ja. In ta ci ja, a koma fara. Da haka akwati yake kai shekara biyu bai nemi kowa ya zo ba. Ashe tun kafin in san sikirit, tsohon nan ya yi tasa dabarar ta rage bin hanya.

"Wa ka yanka karsana don ba ta ba da nono ba bana?" ya ce yana dariya. Sai ya ga fuskata, dariyar ta tsaya.

Na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba, don babu inda zan kwana.

"Duka ukku?"

"Duka ukku, Baba."

"Had Damana da Bonkuku?"

"Ko'ina."

Na so ya yi faɗa. Da ya ɗaga murya da na samu abin riƙewa, don ni ma bakina ba ya mutuwa, da na ce ai shi ma bai rubuta abin da mutum zai gane ba. Bai ba ni wannan damar ba. Ya jawo kujera kusa da ni ya ce in buɗe na sauran wuraren yana kallo. Na juya layi biyu a sikirit ɗin na danna, sunayen garuruwa suka riƙa wucewa a allo, kowanne da karsana uku a buɗe. A kan Sanam ya tsaya, ya jira, ya rubuta cewa ba a amsa ba, ya wuce.

"Abin ga shina da sauri," Baba ya ce a hankali. "Ran da kinka ruhe ma haka yay yi sauri?"

Na ce haka ya yi.

Kwana biyu na yi ina neman hanyar da ba ta bi ta Sanam ba. Akwatin ajiya babu, na ƙarshe an kai shi wani wuri tun bara, iyaka kuma a rufe, ba a san ranar zuwan sabo ba. Na rubuta wa majo wasiƙa shafi huɗu, umarni bayan umarni, a ba direban motar kasuwa ya kai masa. Baba ya karanta ya ce majo mutumin kirki ne, ya iya allura, amma bai taɓa ganin baƙin allon da ake buga umarni a kai ba, harafi ɗaya ya kuskure sai ya ƙara kulle abin. Na ce to ni zan je, ni na ɓata. Shef ya ce ko da wasa. Baba ya ce mace baƙuwa da ordinata a jaka, sojojin shinge za su tsare ta da tambaya, na daji kuma ba tambaya za su yi ba. Shi an san fuskarsa a hanyar, yana jin Fulatanci da Zabarmanci, in ya naɗa rawani ba wanda zai raba shi da masu zuwa sayen awaki. A bar wurin a haka kuma ba zai yiwu ba. Damina ce, zazzaɓin sauro ya fara kwantar da yara, ga mata masu naƙuda, majo ba shi da hanyar kiran mota.

Ni na je na gaya wa Gwaggo, don ban yarda ta ji a bakin wani ba. Tana tankaɗe ta saurare ni har na gama, ba ta daina tankaɗen ba.

"Na ce ki ɗebe shi ga hanya," ta ce, "ke kuma kin aza shi bisa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na ji haushin kaina har na rasa inda zan sa shi. Abin da na iya yi kawai shi ne in rage masa zaman can. Na rubuta wani ɗan sikirit na sa a kile, wannan ɗan abin ajiyar da bai kai yatsa ba, yadda da ya jona shuɗiyar waya a ordinatar majo zai danna sau ɗaya a gama. Na gwada shi a akwatin biro sau bakwai, wannan karon yana tsaye a kaina, kuma duk layin da ban tabbata ba na tambaye shi. Ya cusa kile ɗin a naɗin rawaninsa, ya ɗaura wayar a ƙugu ƙarƙashin riga. Da sassafe ranar jajibirin kasuwar Sanam ya hau bayan mota tsakanin buhunan gishiri.

Ban daɗe da buɗe biro ba sai ga Gwaggo da mayafinta da carbi. Ba ta taɓa shigowa wurin ba. Ta dubi injuna, ta dubi wayoyi, ta ce:

"Ina abin da ka gwada in ya isa?"

Na ba ta kujerar Baba, na nuna mata jan ɗigon. Na ce in ya koma tsanwa, to ya isa kuma ya gyara. Ta gyara zama ta kafa masa ido. Fushinta bai hana ta tambaya ba, jininmu ɗaya. Wa ke kunna fitilar? Na ce ba kowa, injin ne yake yi wa akwatin Sanam sallama duk minti. In ba a amsa ba fa? Na ce sai ya sake. Ba ya gajiya? Ba ya gajiya. Ta ce to ya fi ta haƙuri. Can ta nuna na Damana ta ce wannan ai garin ƙawarta ne, ko ana iya ganin mutane ta ciki? Na ce a'a, akwati kawai ake gani.

Muka yi azahar a nan, muka dawo muka zauna. Na ƙirga a raina inda ya kamata a ce sun kai, na ƙara awa biyu don shingaye, na ƙara ɗaya don laka. Lokacin ya wuce. Shef ya leƙo sau uku yana komawa. Gwaggo ta daina tambaya, sai ƙarar carbi. Ni kuma na kama kaina ina danna sallamar da hannu tsakanin minti da minti, alhali na san ba abin da hakan zai ƙara.

Bayan la'asar sosai, ina sunkuye ina neman takalmina a ƙarƙashin tebur, na ji ta ce, "Ke, dibi." Tsanwa. Na yi maza na shiga akwatin. Tsohuwar kafar anten an rubuta mata fata, karsana ja ta koma mai nono. Sikirit ɗina buɗewa kawai yake yi, ba ya taɓa sunaye, don haka na san yatsun Baba ne suka yi wannan. Daga baya ya ba ni labari cewa motarsu ta kafe a wani kwari sun yi awa uku suna tura ta, kuma majon ya riga ya gwada wayar a kafofin uku ɗaya bayan ɗaya, har ya fara zargin kansa.

Tarhon biro ya yi ƙara. Muryar Baba ce, tana yankewa kaɗan. Ya ce lafiya lau suka isa, kile ɗin ya yi aiki dannawa ɗaya, majo yana gaisuwa kuma yana son mota gobe don wata mata. Na ce Gwaggo tana nan, na miƙa mata. Ta kau da kai, ta ƙi karɓa gaban shef da mai gadi.

"Ki tambaye shi ko ya ci wani abu," ta ce.

Ya ce ya ci. Ya ce motar marasa lafiya ba ta ɗaukar fasinja, sai kasuwa ta watse zai biyo ayari, jibi ke nan in Allah ya yarda. Layin ya yanke.

Gwaggo ta shafa addu'a, ta share fuska da bakin mayafi. Na ɗauka tashi za ta yi. Sai ta ƙara matsowa kusa da allon, ta bi ɗigogin da yatsa daga sama har ƙasa, ta dawo kan na Sanam.

"To, wanga na zuwa na," ta ce. "Na dawowa fa, wane na?"

Na dubi shafin da na yi makonni ina ginawa. Yana ganin akwatin Sanam, yana ganin na Filinge, tsakaninsu kuwa babu komai, ko ɗigo ɗaya. Na ce mata babu na dawowa.

Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce jibi tun da hantsi za ta je tasha ta zauna wurin mai ƙosai, daga nan ana hango motocin arewa tun suna kan tudu.

Jibin na zo biro da safe, na kunna ordinata, komai tsanwa. Na bar ta a kunne, na ce wa shef ba na nan yau. Na ɗauki tabarma da butar ruwa na bi Gwaggo tasha. Da ta gan ni ta matsa ta ba ni wuri, muka fuskanci hanya.